Renon ƙwayoyin tsiro a kwalba da abin da yake kaiwa ga fatar mutum

Duk wanda ya taɓa lura da reshen bishiya bayan an sare shi ya san cewa raunin ba ya zama a buɗe har abada. Bayan 'yan makonni akan ga wani nama ya kumburo a gefen saran, yana matsowa a hankali har ya rufe wurin. Masana tsirrai suna kiran wannan nama kalus, kuma ƙwayoyin halittar da ke cikinsa sun bambanta da na ganye ko na saiwa, domin sun ajiye aikin da aka san su da shi sun koma rarrabuwa kawai. A kan wannan ɗabi'a ta tsiro aka gina wata sana'a da take ƙara faɗaɗa a masana'antar kayan shafe-shafe, wato renon ƙwayoyin tsiro a cikin kwalba da tanki domin a tato sinadaran da ake zubawa a man shafawa. Na daɗe ina bibiyar wannan fanni, kuma ina ganin girmansa ƙwarai a matsayin ilimi, amma raina yana ɓaci idan na ga irin labarin da ake rubutawa a jikin kwalaben da ake sayarwa, domin labarin yana ɓoye ainihin amfanin aikin, yana kuma ɗora masa alƙawarin da bai taɓa ɗauka ba.

Tunanin ya girmi masana'antar da shekaru masu yawa. A shekarar 1902 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Gottlieb Haberlandt, ya yi hasashen cewa kowace rayayyiyar ƙwayar tsiro tana ɗauke da ikon sake gina cikakken tsiro idan ta sami abincin da ya dace da ita. Ya gwada bai yi nasara ba, ƙwayoyinsa sun rayu na ɗan lokaci amma sun ƙi rarrabuwa. Sai a 1939 Roger Gautheret da Pierre Nobécourt a Faransa, da Philip White a Amurka, kowanne a ɗakin bincikensa, suka samu kalus da ke ci gaba da girma ba iyaka muddin ana sauya masa abinci, Faransawan biyu da karas, shi kuma White da taba. A 1957 Folke Skoog da Carlos Miller suka nuna cewa gwargwadon sinadaran girma guda biyu, oksin da saitokinin, shi ne yake yanke hukuncin abin da kalus zai zama: idan oksin ya rinjaya sai saiwa ta fito, idan saitokinin ya rinjaya sai toho ya fito, idan kuma aka daidaita su sai kalus ya ci gaba da yaɗuwa a matsayinsa. Shekara guda bayan haka Frederick Steward a Jami'ar Cornell ya raya cikakken tsiron karas daga ƙwayoyin da ya rena a ruwa mai haɗe da ruwan kwakwa, abin da ya tabbatar da hasashen Haberlandt. A 1962 Toshio Murashige da Skoog suka wallafa haɗin abincin reno da har yau ya fi kowanne yawan amfani a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya.

Aikin kansa yana farawa da ɗan guntu, wanda sau da yawa bai kai girman farce ba, daga ganye ko kara ko saiwa ko ɗan itace. Babban abokin gaba a wannan mataki shi ne ƙazanta, domin abincin reno cike yake da sukari, kuma bakteriya da funfuna sun fi ƙwayar tsiro saurin hayayyafa nesa ba kusa ba. Akwai bakteriyar da ke ninka kanta cikin minti 20, alhali ƙwayar tsiro tana bukatar kwana ɗaya zuwa kwanaki da dama kafin ta rabu biyu, saboda haka ƙwayar cuta guda tak tana iya cinye aikin watanni a dare ɗaya. Shi ya sa ake fara tsoma guntun a itanol, wato barasar kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, sannan a jiƙa shi a ruwan kulorin na 'yan mintoci, a ɗauraye shi sau da yawa da ruwan da aka dafa. Kwalabe da abincin kuma ana turara su a tukunya mai matsi a zafin digiri 121 na kimanin minti 15 zuwa 20, kuma duk yanka da dashe ana yin su ne a cikin wani akwati da ke hura tatacciyar iska. Abincin ya ƙunshi gishirin ma'adinai irin su naitirojin da fosforas da potasiyom da ƙarfe, da 'yan bitamin, da sukari kimanin giram 30 a kowace lita, da sinadaran girma, sannan a daskarar da shi da agar, wanda ake samu daga ciyawar teku. Akan ajiye kwanonin a zafin digiri 25 ko kusa da haka, galibi a cikin duhu, kuma cikin makonni kaɗan sai kalus ya tsiro daga bakin yankan, fari ko ruwan ɗorawa, mai laushi.

Daga nan ne haƙuri yake shigowa. Ba kowane dunƙulen kalus ne yake da amfani ba, domin wani yana girma da sauri amma ba ya samar da sinadarin da ake nema, wani kuma yana da sinadarin amma ba ya girma. Mai bincike yakan yi ta zaɓe yana dasawa a sabon abinci duk bayan mako uku ko huɗu, wani lokaci har tsawon shekara ko fiye, kafin ya sami zuriyar ƙwayoyi da ta tsaya a kan hali ɗaya. Idan an same ta sai a mayar da ita cikin abinci na ruwa a kwalaben da na'ura ke girgizawa dare da rana, ƙwayoyin su warwatse su zama kamar kunu, sannan a riƙa ƙara girman mazubi mataki-mataki har a kai ga tankunan ƙarfe ko manyan jakunkunan roba masu ɗaukar ɗaruruwan lita ko dubbai. Ƙwayoyin tsiro manya ne kuma suna son manne wa juna, ga shi ba sa jure dama mai ƙarfi, don haka ƙera tankin da zai ba su iska da abinci ba tare da ya farfasa su ba ilimi ne mai zaman kansa.

Abin da ya fi burge ni a duk fannin shi ne yadda ake sa ƙwayoyin su yi aiki. Sinadaran da ake nema domin fata, tsiro ba domin ado yake yin su ba. Makamai ne da yake kare kansa da su daga ƙwari da funfuna da ƙunar rana da fari, kuma ƙwayar da ke zaune a tanki cikin ƙoshi da kwanciyar hankali ba ta da dalilin ɓata ƙarfinta wajen ƙera makami. Saboda haka sai masu reno su tsorata ta. Suna zuba ɗan sinadarin metil jasmonet, wanda tsirrai da kansu suke amfani da shi wajen sanar da sauran jikinsu cewa ƙwaro ya fara ci, ko su zuba ɓurɓushin jikin yis ko na funfuna, ko su haska wa ƙwayoyin hasken altarabayolet, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani mai ƙona fata. Ƙwayar sai ta ɗauka an kawo mata hari, ta buɗe hanyoyin kariya, yawan sinadarin ya ninka. Shi metil jasmonet ɗin, tun a 1962 aka fara ware shi daga man furen yasmin a matsayin sinadarin ƙamshi, kafin daga baya a gano cewa saƙon gargaɗi ne a jikin tsirrai. Da irin wannan dabara ake sa ƙwayoyin inabi su fitar da resberaturol, wani sinadarin kariya da ake zubawa a man shafawa, mai yawa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wannan sabon abu ne da ya zo da kayan kwalliya na zamanin intanet, amma sinadarin tsiro na farko da aka fara samarwa ta wannan hanya domin kasuwa, a kayan kwalliya ya ƙare. A Japan akwai wani tsiro da ake kira murasaki, wanda saiwarsa ke ɗauke da jan sinadari mai suna shikonin, kuma tun da daɗewa ana rini da magani da shi. Saiwar tana bukatar shekaru kafin ta nuna, abin da ke cikinta bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, ga tsiron ya yi ƙaranci a daji. Masu bincike a Jami'ar Kyoto da kamfanin Mitsui Petrochemical suka rena ƙwayoyinsa, suna zaɓar dunƙulen da ya fi ja da ido, kuma suka gano cewa abincin da ke sa ƙwayoyin girma ba shi ne ke sa su yin launi ba. Amoniyom yana hana shikonin fita, tagulla kuma tana ƙara shi. Sai suka raba aikin gida biyu, tanki na farko domin yawaita ƙwayoyi, na biyu mai lita 750 domin samar da launi, suka riƙa samun ninkin abin da saiwa ke bayarwa sau goma ko fiye cikin kimanin mako uku. A 1983 aka fara samarwa domin kasuwa, kuma kamfanin Kanebo ya yi jan baki da shi. Ina son wannan misali domin komai a cikinsa a fili yake: an san sinadarin, an san aikinsa, ana iya auna shi, kuma mai saye yana ganin abin da ya saya da idonsa.

A fannin magani ma an ga ƙarfin hanyar. Maganin ciwon daji mai suna paklitaksel, wanda da farko daga ɓawon wata bishiya mai jinkirin girma ake samunsa, yanzu kamfanin Phyton yana samar da shi a Ahrensburg kusa da Hamburg a Jamus, a tankunan da mafi girmansu ke ɗaukar lita 75,000. Amma guguwar da ta kai fannin cikin man shafawa ta tashi ne a 2008, lokacin da kamfanin Mibelle Biochemistry na Suwizalan ya fitar da wani sinadari daga ƙwayoyin wata tsohuwar tuffa mai suna Uttwiler Spätlauber. Asalin tuffar daga ƙauyen Uttwil ne a bakin tafkin Konstans, an san ta tun tsakiyar ƙarni na 18, kuma ta shahara da daɗewa a ajiye ba ta yamutse ba, sai dai tsaminta ya sa manoma suka bar ta har bishiyoyinta suka rage kaɗan. Labarin tuffar da ba ta tsufa ya shiga zukatan masu saye nan da nan. Bayanta sai kamfanoni a Italiya da Faransa da Sifaniya da Koriya ta Kudu da Finlan suka biyo da ƙwayoyin furen edelwais na tsaunukan Alps, da lilak, da wardi, da bishiyar argan ta Maroko, da ganyen magani mai suna sentela, da tumatir, da wasu 'ya'yan itatuwan arewacin Turai.

Amfanin gaskiya na wannan hanya yana da yawa, kuma ban ga dalilin da zai sa a rage masa daraja ba. Tsiron da aka tsinko a daji ko aka noma a gona, ƙarfinsa yana sauyawa da ƙasa da damina da lokacin girbi, ta yadda ganyen bana zai iya ninka na bara a yawan sinadari ko ya gaza rabinsa. Mai haɗa man shafawa kuwa yana son kowace kwalba ta zama daidai da 'yar'uwarta, kuma tanki yana ba shi wannan, rani da damina. Ƙwayoyin tanki ba su taɓa haɗuwa da maganin ƙwari ba, ba su sha ruwan da ke da dalma ko kadmiyom ba, funfuna mai guba kuma bai taɓa sauka a kansu ba. Idan tsiron yana da wani sinadari mai sa ƙaiƙayi, ana iya zaɓar zuriyar da ba ta yinsa da yawa. Sannan ga maganar tsirran da ba su da yawa ko masu jinkirin girma. Edelwais fure ne da doka ta hana tsinka a sassa da dama na Alps, amma ganye guda ya isa a kafa zuriyar da za ta yi ta samar da sinadarin liyontofodik na shekaru. Ƙwayoyin lilak kuma suna iya tara berbaskosaid fiye da yadda ake samu a jikin tsiron. Waɗannan sinadarai suna cikin rukunin da ke rage irin lalacewar da iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin jiki, wato irin abin da ke sa yankakkiyar tuffa ta yi duhu idan ta sha iska, kuma wasunsu suna kwantar da kumburi a gwajin ɗakin bincike.

Inda gizo ke saƙar shi ne sunan da aka zaɓa domin talla. Kusan duk waɗannan kayayyaki ana sayar da su da sunan ƙwayoyin tushe na tsiro, wato an aro sunan ƙwayoyin da ke jikin ɗan Adam masu sabunta jini da fata, waɗanda likitoci ke sa rai da su wajen warkar da cututtuka masu wuya. Mai saye yana jin sunan sai ya ɗauka cewa rayayyun ƙwayoyi ne za su shiga fatarsa su haifi sabuwa. Wannan ba ya faruwa, kuma ba zai iya faruwa ba. Da farko, yawancin abin da ake renawa kalus ne, wato manyan ƙwayoyin da rauni ya mayar da su baya, ba ainihin ƙwayoyin tushe da ke kan toho da bakin saiwa da ƙarƙashin ɓawo ba, ko da yake a 2010 masu binciken kamfanin Unhwa na Koriya ta Kudu tare da Jami'ar Edinburgh sun wallafa hanyar ware ainihin na ƙarƙashin ɓawon. Abu na biyu, kuma mafi muhimmanci, ko da na ainihin ne, babu rayayyiyar ƙwaya a cikin man. Bayan girbi ana tace ƙwayoyin, a farfasa su da matsi mai ƙarfi ko a busar da su a niƙa, sannan a gauraya abin da ya fito da gilisarin ko a lulluɓe shi da ƙananan ƙulli na kitse. Ko da an bar su a ɗinke, ba za su rayu a cikin mai mai ɗauke da sinadaran hana lalacewa a kan kanta ba. Kuma da a ce sun rayu, ƙwayar tuffa ba ta san abin da za ta gina ba sai tuffa. Saƙonnin da take fahimta, oksin da saitokinin, ba su ne saƙonnin da ƙwayoyin tushe na fatarmu da ke can ƙasan shimfiɗar fata da gindin gashi suke saurare ba. Abin da ke cikin kwalbar tataccen ruwan tsiro ne da aka samu ta hanya mai tsafta, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Ko tataccen ruwan ma yana da katangar da zai tsallaka. Shimfiɗar fata ta waje, wadda matattun ƙwayoyi da kitse suka gina, kaurinta a yawancin jiki bai wuce maikuromita 10 zuwa 20 ba (maikuromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), alhali ƙwayar tsiro guda a tanki tana kai maikuromita 20 zuwa 100, wato ita kaɗai ta fi katangar kauri. Sinadarai ma ba kowanne ne ke ratsawa ba. A shekarar 2000 wasu likitocin fata biyu, Bos da Meinardi, suka bayyana wata ƙa'ida da masu haɗa magani ke aiki da ita, cewa sinadarin da nauyinsa ya haura dalton 500 (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne) da wuya ya ratsa lafiyayyiyar fata. Resberaturol yana da kimanin 228, ya shiga cikin iyaka, amma berbaskosaid yana da kimanin 625, asiyatikosaid na sentela kuma ya haura 950. Ƙa'idar ba yankan wuƙa ba ce, akwai dabarun haɗi da ke taimaka wa sinadari ya shiga, kuma wanda ya tsaya a sama ma yana iya yin wani amfani a can. Duk da haka, sakamakon da aka gani lokacin da aka zuba sinadari kai tsaye a kan tsirarun ƙwayoyin mutum a cikin kwano ba ya nuna abin da zai faru a fuskar mai shafawa.

Maganar hujja ita ce ta fi damuna. Gwajin da aka fi ambata game da tuffar Suwizalan an yi shi ne a kan mutum 20, suka shafa mai mai ɗauke da kashi 2 cikin 100 na sinadarin na tsawon mako huɗu, aka ba da rahoton cewa zurfin tamojin gefen ido ya ragu da kimanin kashi 15 cikin 100. Ma'aikatan kamfanin Mibelle ne suka wallafa shi a mujallar masana'anta. Ba na cewa sakamakon ƙarya ne, amma mutum 20 da mako huɗu mafari ne kawai, musamman da yake duk man da ke riƙe danshi yana cika ƙananan tamoji na ɗan lokaci. Yawancin 'yan'uwan wannan sinadari a haka suke, gwajin kwano mai yawa, gwajin mutane kaɗan kuma gajere, kuma mai sayarwa ne ya biya kuɗinsa. A kwatanta wannan da man kariya daga rana. A garin Nambour na Ostireliya an bi mutum 903 na tsawon shekara huɗu da rabi, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, kuma sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa masu shafawa kullum sun nuna ƙarancin tsufan fata da kashi 24 cikin 100 idan aka kwatanta da masu shafawa lokacin da suka ga dama. Haka ma tiretinoyin, ɗan gidan bitamin A, yana da gwaje-gwaje na gomman shekaru a bayansa. Doka kuma ba ta cike giɓin gaba ɗaya. A Amurka hukumar abinci da magunguna ba ta tantance kayan shafe-shafe kafin su shiga kasuwa, in ban da sinadaran launi. A Tarayyar Turai dokar 2009 ta wajabta binciken lafiyar kaya kafin sayarwa, wata ta 2013 kuma ta ce duk iƙirari sai ya zama gaskiya mai hujja, amma irin hujjar da ake karɓa ga man kwalliya ba ta kai wadda ake nema ga magani ba.

Hanyar kanta tana da iyakoki da masu talla ba su cika faɗa ba. Wasu sinadarai sai a cikin wata gaɓa ta musamman tsiro yake yin su, kamar man ƙamshin na'a-na'a da ke taruwa a ƙananan gashin ganye, don haka kalus da ba shi da ganye ba ya iya yinsu da yawa. Ƙwayoyin argan da aka rena a tanki ba man argan suke bayarwa ba, domin shi man daga ƙwallon ɗan itacen ake matse shi, abubuwa biyu ne daban ko da sunansu ɗaya. Ƙwayoyin da aka daɗe ana dasawa kuma halinsu yakan sauya, zuriyar da ke bayar da sinadari bana tana iya daina bayarwa bayan shekaru, shi ya sa ake daskarar da wani ɓangare a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili domin a sami abin komawa. Game da muhalli, gaskiya ne an rage fili da ruwan ban-ruwa, amma tanki yana cin lantarki wajen turarawa da damawa da tace iska da busarwa, kuma ƙwayoyin da ke duhu ba sa yin abincinsu da hasken rana, sukarin da suke ci daga gonar rake ko makamancinsa ya fito. Ga tsiro mai wuyar samu lissafin yana goyon bayan tanki, amma ga wanda ke tsirowa a ko'ina cikin sauƙi, gona takan fi sauƙin kuɗi da ƙarancin ɓarna.

Akwai kuma mutanen da ke bayan tsirran. Ganyen sentela da masana'antar kwalliya ke amfani da shi, babban kasonsa daga Madagaska yake fitowa, inda mutanen karkara, yawanci mata, ke tsinko shi a daji. A kudu maso yammacin Maroko ƙungiyoyin mata sun dogara da argan. Idan kamfani ya ɗauki ganye guda ya kafa zuriyar da za ta ishe shi har abada, daji ya huta, amma waɗanda suka adana tsiron suka kuma san amfaninsa tun kaka da kakanni suna iya fita daga lissafi. Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a watan Oktoban 2014, ta tanadi cewa a nemi izinin ƙasar da aka ɗauko albarkatun halitta daga cikinta kuma a raba amfanin da ita. A ganina renon ƙwayoyi ya ƙara wa wannan yarjejeniya nauyi, domin a da mai saye dole ya dawo kowace shekara, yanzu kuwa zuwa ɗaya ya ishe shi, saboda haka sharuɗɗan da aka ƙulla a wannan zuwa ɗaya su ne kaɗai abin da masu tsiron za su riƙe.

Ni dai idan irin wannan kwalba ta zo hannuna, bayanta nake fara juyawa. A jerin sinadarai akan ga sunan tsiron da Latin, sai kalmomi irin su Callus Culture Extract ko Cell Culture Extract su biyo baya, kuma da wannan ake gane cewa daga tanki ya fito. Ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta har a kai kashi 1 cikin 100, daga nan kuma mai haɗi yana da damar jera sauran yadda ya so, don haka sunan da ya faɗo can ƙarshe tare da turare da sinadaran hana lalacewa kaɗan ne ƙwarai a ciki. Ko kashi 2 da aka yi gwaji da shi ma, na haɗin da kamfani ya sayar ne, wanda yawancinsa ruwa ne da gilisarin da makamantansu, ainihin abin da ya fito daga ƙwayoyin ɗan ɓangare ne a ciki. Bayan haka ina duba ko kamfanin ya ambaci sunan sinadarin da ya auna da yawansa, kamar yadda masu shikonin suka yi, da ko ya faɗi yawan mutanen da aka gwada a kansu, da tsawon lokacin, da abin da aka kwatanta da shi. Kamfanin da ya ba da waɗannan bayanai ina saurarensa da kyakkyawan zato, kuma akwai irinsu. Sannan duk tsaftar da tanki ya bayar, ruwan tsiro ne, yana iya sa wa mai fata mai saurin ƙaiƙayi borin jini, shi ya sa nake fara shafa kaɗan a cikin hannu in jira kwana biyu kafin ya kai ga fuska.